Wai Shin Kaji Nawa Za A Gasa Kafin A Sayi Motar Kashe Gobara?



Da yawa daga cikinmu da muka taso a Amurka sun ɗauka cewa duk wanda ya diro daga jar motar nan mai jiniya idan an buga 911 ma'aikacin gwamnati ne, mai albashi da fansho, kamar ɗan sanda ko mai raba wasiƙu. A Bronx ko Shikago haka ne kam. Amma da zarar ka bar manyan birane, labari ya sha bamban. Alƙaluman ƙungiyar NFPA, wadda ke tsara ƙa'idojin kariya daga gobara a ƙasar, sun nuna cewa a 2020 akwai 'yan kwana-kwana sama da miliyan ɗaya a Amurka, kuma 676,900 daga cikinsu, wato kashi 65 cikin 100, aikin sa-kai suke yi. Makanikai ne, da malaman makaranta, da direbobin manyan motoci, da ma'aikatan jinya, da ɗalibai irinmu. Ƙararrawa ta buga da ƙarfe uku na dare su tashi su tafi, gari ya waye su wuce wajen neman abincinsu. Cikin ma'aikatun kashe gobara kimanin 29,000 da ke ƙasar, mafi yawansu a hannun irin waɗannan mutane suke.

Wannan bai dame ni ba, hasali ma abin yabo ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a garuruwa da yawa mutanen nan da suka ba da lokacinsu kyauta, su ne kuma aka ɗora wa nemo kuɗin motar, da kuɗin man motar, da kuɗin rigar da za su shiga wuta da ita, har da kuɗin lantarkin tashar. Ra'ayina a nan a fili yake: wannan ba adalci ba ne, kuma ba dabara ba ce. Kayan kashe gobara haƙƙi ne a wuyan kowa da ke zaune a gari, kuma hanyar da kowa ke biyan haƙƙin da ke wuyan kowa ita ce haraji. Wanda ya ba da jikinsa ya riga ya biya nasa kason, har da ƙari.

Bari mu ɗan koma baya mu ga inda aka samo abin. A 1736 Benjamin Franklin da wasu maƙwabtansa suka kafa ƙungiyar kashe gobara ta sa-kai a Filadelfiya. Sharaɗin shiga shi ne kowane mamba ya tanadi bokitan fata na ɗibar ruwa da buhuna na kwashe kayan mutane daga cikin wuta. To ka ga a wancan zamani tsarin ya yi daidai, domin bokiti abu ne da magidanci zai iya saya daga aljihunsa. Matsalar ita ce kayan aikin sun tashi daga bokiti sun koma injuna na miliyoyin daloli, amma tunanin cewa 'yan ƙungiya su ji da kansu yana nan inda Franklin ya bar shi kusan shekaru 300 da suka wuce.

Ga yadda lissafin yake yanzu. Majalisar 'yan kwana-kwana masu sa-kai ta ƙasa, NVFC, ta ce horar da mutum ɗaya da ba shi cikakkun kayan aiki na iya haura dala 20,000. Akwai riga da wando masu jure zafi, da hular kwano, da takalmi, da safar hannu, da rediyo, da tukunyar iskar da ake goyawa a baya. Kuma ba saye ɗaya ake yi a huta ba. Ƙa'idar NFPA ta ce rigar shiga wuta ba ta wuce shekaru 10 daga ranar da aka ƙera ta, ko da kuwa a rataye ta yi shekarun. Sai uwa uba motar. Sabuwar motar feshin ruwa ta kai wajen dala miliyan ɗaya, mai dogon tsani kuwa tana kai miliyan biyu, sannan bayan ka biya ka jira shekaru kafin a kawo maka. Abin ya yi ƙamarin da a 2025 sai da Majalisar Dattawa ta yi zama a kansa, inda aka yi ta ƙorafin cewa kamfanoni uku, REV da Oshkosh da Rosenbauer, su ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar.

To da me ƙaramar tasha a ƙauyen Fensilbaniya ko Ohayo take tunkarar wannan? Duk wanda ya taɓa zama a irin garuruwan nan ya san amsar, domin a jikin allon ƙofar tashar ake rubuta ta. Karin kumallon fanke ranar Lahadi. Gasasshiyar kaza ranar Asabar. Soyayyen kifi kowace Juma'a lokacin azumin Kirista. Bingo da daddare. Tambola, wadda a wasu wuraren bindiga ce ma kyautar. Bikin wasanni da lilo na lokacin zafi. Ba da hayar zauren tasha ga masu biki. Sai wasiƙar neman taimako da ake aikawa gida-gida sau ɗaya a shekara. Sai kuma wadda ta fi ba ni tausayi, ka ga ƙato da rigar aiki ya tsaya a danja riƙe da takalminsa, yana miƙa wa masu mota su jefa canji. Mu faɗi gaskiya, a Hausa wannan sunansa bara.

Mu yi ɗan lissafi irin na 'yan firamare. Mu ƙaddara kowane kwanon kaza da aka sayar ya bar ribar dala 5 bayan an cire kuɗin kaza da gawayi da burodi. Kafin a tara dala miliyan ɗaya sai an sayar da kwano 200,000. Idan tasha tana gashi sau ɗaya kowane wata, kuma duk gashi tana sayar da kwano 500, wanda ba ƙaramin ciniki ba ne a garin da bai fi mutum 3,000 ba, sai ta shekara 33 tana fifita gawayi. Kafin nan motar da ake son canzawa ta zama kwangiri, farashin sabuwar kuma ya ninka. Wannan fa mota ɗaya ke nan, ba a taɓa maganar inshora da mai da gyaran rufi ba. Haba jama'a, wace ƙasa ce za ta ce wa sojanta ya sayar da fanke ya sayi tankar yaƙi?

Kuɗin ma ba shi ne babbar asarar ba. Babbar asarar ita ce lokaci. Mutum yana da aikinsa na sa'o'i 40 ko fiye a mako, wani ma ayyuka biyu yake haɗawa. Kafin a bar shi ya shiga gidan da ke ci da wuta sai ya yi horo na sa'o'i sama da 100, sannan ga atisaye na mako-mako, ga kiran gaggawa dare da rana. Duk wannan ya ɗauka, domin shi ya kawo shi. Sai kuma a ce masa ranar Asabar akwai yankan albasa, ranar Talata shi ne mai kiran lambobin bingo, kuma ga tikitin tambola 50 ya san yadda zai yi ya sayar. Yaron da ya shiga don ya ceci rai sai ya tarar rabin hidimarsa ta talla ce. Ya yi shekara biyu, matarsa ta fara magana, ya ajiye hular. Wa zai ga laifinsa?

Alƙaluma sun nuna haka ɗin ake yi. A 1984 masu sa-kai a faɗin Amurka sun kai 897,750, zuwa 2020 an rasa sama da 200,000 daga ciki, alhali jama'ar ƙasar ƙaruwa suka yi. A Fensilbaniya, mahaifar tsarin, abin ya fi muni. Rahoton da wani kwamitin majalisar dokokin jihar ya fitar a 2018 ya ce daga kimanin 300,000 a shekarun 1970, masu sa-kai sun koma kimanin 38,000. Ba na cewa gashin kaza ne kaɗai ya kore su. Masana'antun da ke barin ma'aikaci ya fita idan jiniya ta yi kuka sun rufe, mutane suna tafiya aiki nesa da garinsu, matasa suna barin ƙauye. Amma cikin duk dalilan nan, nauyin neman kuɗi shi ne wanda majalisar gari za ta iya saukewa a zama ɗaya idan ta ga dama.

Ana cikin wannan raguwa kuma aikin sai ƙaruwa yake. Kiran da ake yi wa ma'aikatun kashe gobara ya ninka kusan sau uku tun shekarun 1980, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasa ba ma na wuta ba ne, na rashin lafiya ne da haɗari: tsoho ya faɗi, zuciya ta buga, mota ta kife. Wutar ma ta canza hali. Gwaje-gwajen cibiyar UL sun nuna cewa a da mutum kan samu kamar minti 17 ya fice daga gidan da ya kama, amma a gidajen yanzu masu cike da soso da roba abin bai fi minti 3 ba. A 2022 kuma hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Wato wanda muke tura wa tikitin tambola ya sayar, huhunsa ma yana cikin abin da ya sadaukar.

Akwai kuma wani zalunci a ɓoye cikin tsarin, wanda ba a cika faɗa ba. Neman taimako yana kawo kuɗi ne gwargwadon arzikin garin da ake nema a ciki. Unguwar masu hali za ta yi liyafa ɗaya ta tara abin da ƙauyen da ma'adinin kwal ɗinsa ya rufe ba zai tara a shekara biyar ba. Kuma ƙauyen nan shi ne mai tsofaffin gidajen katako, da tsofaffin wayoyin lantarki, da mutanen da ke ɗumama ɗaki da hita saboda tsadar mai. Inda wuta ta fi yawa nan kuɗi ya fi ƙaranci. A cikin gari ɗaya ma ba a raba nauyin daidai. Mutane ƙalilan ne ke mayar da ambulan ɗin nan da ɗan abin da ya samu, galibi tsofaffi masu cin fansho, sauran kuwa kwandon shara suke jefa shi. Amma ranar da wuta ta tashi, motar ba ta tambayar wa ya bayar wa bai bayar ba.

Inda kuma aka ce za a tambaya, mun ga abin da ya faru. A watan Satumba na 2010, a gundumar Obion ta jihar Tenesi, gidan wasu mutane ya ƙone ƙurmus 'yan kwana-kwanan garin South Fulton suna kallo. Gundumar ba ta da ma'aikatar kashe gobara da harajinta ke ɗauka, don haka wanda ke zaune a wajen garin sai ya biya dala 75 a shekara kafin a zo masa. Mutanen gidan ba su biya ba. Motar ta fito ne sai da wutar ta tsallaka filin maƙwabcin da ya biya. Duniya ta yi ta Allah wadai da ma'aikatan, amma ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Waɗanda suka ƙi sanya kashe gobara a kasafin kuɗi su ne suka rubuta wannan labari tun kafin a ƙyasta ashana. A ƙarshen 2011 aka sake maimaita irinsa a yankin.

Sai kuma garin West a jihar Teksas, mai mutum ƙasa da 3,000. Ranar 17 ga Afrilu 2013 wuta ta kama a wani wurin ajiyar takin zamani, 'yan sa-kai suka ruga, takin ya yi bindiga. Mutum 15 suka rasu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne. Rahoton hukumar binciken haɗurran sinadarai ta tarayya ya nuna cewa ba a ba su horon da ya dace kan haɗarin irin wannan taki ba, kuma babu cikakken shiri da aka yi tun da wuri kan wurin. Horo da shiri lokaci suke ci, kuɗi suke ci. Duk daren da ɗan sa-kai ya kashe yana ƙirga cinikin bingo, dare ne da zai iya kashewa yana koyon abin da ke jibge a rumbunan garinsa.

Wani zai ce ai gwamnatin tarayya tana taimakawa. Tana yi. Tun 2001 ake raba tallafin AFG don sayen kayan aiki, daga 2005 aka ƙara da SAFER don ɗaukar ma'aikata da jawo masu sa-kai, kuma a 2024 aka sabunta dokar duka biyun. Amma duba adadin. A 2004 kuɗin AFG ya haura dala miliyan 700, a 2024 kuwa miliyan 324 aka ware. Raba wannan ga ma'aikatu 29,000 ka ga abin da kowa zai samu. Ba ma rabawa ake yi ba, gasa ce. Birnin da ke da ma'aikaci na musamman mai rubuta takardun neman tallafi yana karawa da ƙauyen da shugaban tasharsa ke cike fom a teburin kicin bayan ya taso daga aiki. Idan ƙauyen ya ci ma, sai ya kawo nasa kashi 5 cikin 100, a koma kan kaza ke nan. A 2024 da hukumar OSHA ta kawo daftarin sabunta dokar kare lafiyar masu kai ɗauki, wadda ta samo asali tun 1980, ƙananan tashoshi da yawa suka yi ta kururuwa cewa bin sabbin sharuɗɗan zai rufe su. Ka ji fa, mutane suna tsoron dokar da aka yi don kare ransu, saboda ba su da kuɗin bin ta.

Yanzu bari in saurari masu ja da ni, don suna da abin faɗa.

Na farko su ce haraji ya yi yawa, kada a ƙara. Na ji. Amma ai ana biya ko ba a sani ba. Kamfanonin inshora suna duba makin da ake ba kowane yanki, daga 1 zuwa 10, bisa ingancin ma'aikatar kashe gobararsa da ruwan da take da shi. Tasha ta lalace ko ta rufe, maki ya faɗi, kuɗin inshorar gida ya hau. Idan kuma masu sa-kai suka watse gaba ɗaya, dole gari ya ɗauki ma'aikata masu albashi dare da rana. NFPA ta ƙiyasta cewa lokacin da 'yan sa-kai ke bayarwa kyauta yana rage wa garuruwa kimanin dala biliyan 46.9 a shekara. Wanda ya ƙi sayen rigar ɗan sa-kai yau, gobe zai sayi rigar ya kuma biya albashin mai sa ta.

Na biyu su ce ai cin kifin nan da bikin nan su ne ke haɗa kan gari, a nan maƙwabta ke sanin juna. Gaskiya ne, kuma ba na son a daina. A ci gaba da soya kifi, a yi amfani da kuɗin wajen walimar ƙarshen shekara, ko tallafin karatun 'ya'yan mambobi, ko sabon firji a tasha. Abin da nake ƙi shi ne tukunyar iskar da mutum zai shaƙa cikin hayaƙi ta dogara da ko an yi ruwan sama ranar biki.

Na uku, kuma wannan ya fi nauyi, su ce wasu tashoshin idan suka samu kuɗin jama'a facaka suke yi. Wannan ma ya faru. A 2005 jaridar Newsday ta yi dogon bincike kan Long Island, inda tashoshin sa-kai ke samun kuɗi mai kauri daga haraji, ta bankaɗo manyan gine-gine da motocin da suka fi buƙata da tafiye-tafiyen shaƙatawa. Kuma a jihohi daban-daban an sha gurfanar da ma'ajin tasha kan wawure kuɗi. To amma ina kuɗi ya fi saurin ɓata, a asusun da odita ke bincika ko a bokitin tsabar kuɗin bingo? Maganin facaka shi ne sharaɗi: ga kuɗin jama'a, ku buɗe littafinku duk shekara, ku haɗa sayayya da tashar da ke kusa, inda tashoshi uku ke cikin mil biyu kuma a haɗe su. Nan kam su ma 'yan sa-kai sai sun sauke girman kai, domin wasunsu sun fi son wahalar kaza da a ce kansila ya leƙa musu littafi.

Kuma kada wani ya ce abin da nake faɗa mafarki ne. 'Yan uwanmu da ke Jamus za su ba da shaida. Can ma masu sa-kai wajen miliyan ɗaya ne ke riƙe da aikin, birane manya kaɗai ke da masu albashi. Amma doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin samar da tasha da mota da kayan aiki, akwai harajin da ake cira daga inshorar gobara don wannan hidima, kuma idan aka kira mutum yana bakin aiki, hukuma ce ke mayar wa mai kamfani kuɗin sa'o'in da ya rasa. A Birtaniya kuma ƙauyuka sun dogara ne da ma'aikatan jiran kira, masu zama ko aiki kusa da tasha, ana ba su ɗan alawus na shekara da kuɗin kowace fita. A Amurkar ma akwai ɓurɓushin wannan tunani: Fensilbaniya da Niyu Yok suna karɓar kashi 2 cikin 100 daga inshorar gobarar da kamfanonin wajen jiha suka sayar, su miƙa wa 'yan kwana-kwana. Hanyar tana nan, faɗaɗa ta ne ba a yi ba.

Mu da iyayenmu suka ba mu labarin aikin gayya bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Samari su taru su nome gonar mutum ba a biya su ko kwabo, amma mai gona ne ke kawo fura da tuwo. Ba a taɓa jin inda aka ce 'yan gayya su yi noman, su kuma biya kuɗin abincin da za su ci a gonar ba. Duk mai gonar da ya yi haka, baɗi shi kaɗai zai yi nomansa. Abin da ke faruwa da garuruwan Amurka ke nan, 'yan gayya suna ta raguwa, mai gona yana mamaki.

To mu ina ruwanmu? Ruwanmu ya yi tsaki kuwa. Iyayenmu sun sauka a manyan birane inda akwai ma'aikata masu albashi, amma mu karatu da aiki da neman gida mai araha suna ta fitar da mu zuwa bayan gari da ƙananan garuruwa a Merilan, da Niyu Jazi, da Fensilbaniya, da Ohayo. Da yawanmu muna kwana ƙarƙashin kariyar 'yan sa-kai ba mu ma sani ba. Kuma tsarin neman kuɗin nan yana ture mu gefe ta wata fuska ta daban. Bingo da tambola caca ce, Musulmi ba zai saya ba, ba zai sayar ba. Wajen bikin ga giya, gashin ma wani lokaci na alade ne. Sai ya zama hanyar da gari ya tanada don nuna kana tare da jama'a hanya ce da yawancinmu ba za su iya bi ba, a yi ta kallonmu kamar masu ci ba sa biya. Haraji kuwa bai san Musulmi ko Kirista ba, kowa ya biya gwargwadon abin da ya mallaka, a wuce wurin.

Kafin a kai can, ga abin da nake ganin ya rage namu. Da farko kowa ya binciki wa ke zuwa adireshinsa idan ya buga 911, kuma da wane kuɗi suke aiki. Idan ambulan ɗin neman taimako ya shigo, kada a haɗa shi da takardun talla, a fassara wa su Baba da Mama abin da ke ciki, a sa abin da ya sawwaƙa. Wanda ba zai sayi tikitin tambola ba yana iya miƙa kuɗin kai tsaye a matsayin kyauta, ba wanda zai ƙi karɓa. Sannan ina kira ga kwamitocin masallatanmu. Wuraren ibada, kamar jami'o'i, galibi ba sa biyan harajin gini a ƙasar nan, amma idan wayar lantarki ta yi tartsatsi a daren Ramadan masallaci cike da yara, mutanen nan ne za su zo. Mun iya kafa gidauniya, mun iya tara dubban daloli a dare ɗaya don kafet ko filin ajiye motoci. Ware wani abu duk shekara ga tashar unguwa ba zai gagare mu ba.

Na biyu, mu da aka haifa a nan muna da ƙuri'a, muna da Turancin da ba a yi mana tafinta. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma a bainar jama'a ake tattauna shi, galibi a ɗakin da kujerunsa babu kowa sai tsofaffi huɗu. Mutum goma suka shiga suka ce a sa kuɗin mota da rigunan 'yan kwana-kwana a kasafi, tare da sharaɗin bincike, wallahi sai an saurare su. Idan aka kawo ƙuri'ar ƙarin harajin kashe gobara, a fita a jefa.

Na uku, mu shiga. Yawancin tashoshi suna karɓar mutum daga shekara 18, maza da mata, kuma horon kyauta ne. Wasu ma, kamar ta College Park kusa da Jami'ar Merilan, suna ba ɗalibai wurin kwana a tasha a madadin hidima, ga mai fama da kuɗin haya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na san 'yan uwa masu gemu za su ce abin rufe fuskar nan ba ya kama fuska sai an yi aski, kuma haka dokar take. To akwai tuƙi, akwai motar asibiti, akwai tsare hanya. Kai mai karanta akanta, littafin kuɗinsu yana jiranka. Ke mai karanta aikin gwamnati ko lauya, takardar neman tallafin nan da ke hana shugaban tasha barci aikin mako ɗaya ce a wurinki. Duk sa'a ɗaya da ka ɗauke musu ta takarda, ka mayar musu da ita ce ta atisaye.

Hausawa suka ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen nan su nasu gemun suke kaiwa cikin wutar saboda mu, ba su san sunanmu ba, ba su tambayi daga ina iyayenmu suka zo ba. Mafi ƙarancin abin da gari zai yi musu shi ne ya saya musu ruwan da tiyon, ya bar su su huta ranar Asabar tare da iyalinsu.

Allah ya tsare mu da gobara, ya kare masu kashe ta, ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtaka a duk ƙasar da muka samu kanmu. Wassalam.